Kafin Ka Hau Kwalta: Jagora Ga Sabon Direba

Koyar da tuƙi ce sana'ata, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a cikinta shi ne kurakuran 'yan koyo ba sa sauyawa. Ko saurayi ne ɗan shekara 18, ko ma'aikaciyar da ta kwashi adashi ta sayi motarta ta farko, ko dattijon da ya gaji da jiran a kai shi a dawo da shi, wuri ɗaya suke tuntuɓe. Da zarar mutum ya iya ta da mota, ya zagaya filin makaranta ba ta mutu masa ba, sai ya ɗauka ya gama. Alhali mai sauƙin ya koya. A fili babu adaidaita sahun da za ta ci birki a gabanka don ta hango fasinja, babu yaron da zai ɓullo daga bayan motar da ke ajiye, babu tirelar da ke saukowa daga gangare da buhun siminti 600 a bayanta.

Tuƙi zama da jama'a ne. Ana so ka ga kowa da wuri, kowa ya gan ka ya kuma san abin da kake shirin yi, sannan ka bar wa kanka filin da za ka tsaya idan wani ya yi kuskure. Duk dokar hanya da ka sani, a kan waɗannan aka gina ta. Matsalar ita ce ɗan koyo yakan fito daga makaranta da ka'ida, ya shiga gari ya ga tsofaffin hannu suna take ta, sai ya ce ai haka tuƙin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Da yawa daga cikin direbobin da abin ya faru a hannunsu sun iya sarrafa mota sarai.

Abin da za ka tanada

Na farko lasin. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Hanyarsa a Najeriya ita ce ka shiga makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, ka karɓi takardar izinin koyo, jami'an duba motoci, wato VIO, su gwada ka, ka biya kuɗi a inda doka ta ce, sannan ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Idan an ba ka na wucin gadi, kwana 60 yake aiki kafin na dindindin ya fito, shi kuma na shekara 3 ne ko 5. Mai ƙaramar mota rukunin B yake nema, mai babur rukunin A. Duk wanda ya ce kawo fasfo da kuɗi ya kawo maka lasin har gida, ba tare da ka je an ɗauki yatsunka ba, jabu zai kawo maka, kuma ranar da ka fi bukatarsa, wato ranar haɗari, ranar zai tona maka asiri. Muddin kana koyo, ka manna jan harafin L gaba da baya, kuma mai lasin ya zauna a gefenka. Alamar nan ba abin kunya ba ce, ita ke sa na bayanka ya ja baya ya yi maka uzuri.

Sai takardun mota: shaidar mallaka, lasin motar, takardar lafiyar mota, da inshora. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga ƙaramar mota ya koma naira 15,000 a shekara, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Ka yanke ta a kamfani mai rajista, kada ka sayi takarda a bakin titi.

A cikin but kuma: safaya mai iska, jak, sifanar kwance taya, tukunyar kashe gobara da wa'adinta bai wuce ba, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da direbobi ke kira sikoshin, tocila, da ɗan akwatin taimakon farko.

Ga kuma kalmomin da za ka riƙa ji a bakin malaminka da bakanike. A ƙasan ƙafarka, daga hagu zuwa dama, akwai kuloci, birki da totur. Motar otomatik ba ta da kuloci. Hambirki shi ne birkin hannu. Ribas komawa baya. Silo shi ne inji na aiki ba a taka totur ba. Firi shi ne a cire mota daga giya. Maleji agogon da ke nuna gudu. Sigina ko tirafiketa fitilar nuna inda za ka juya. Lagireto ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, baƙin mai kuma man inji. Hannunka shi ne ɓangaren titin da doka ta ba ka, aron hannu kuwa shiga na masu tahowa. Obatekin wuce motar da ke gabanka.

1. Zagaya motar kafin ka shiga

Ka zagaya ta sau ɗaya, ka leƙa ƙarƙashi. A unguwanninmu yara da awaki suna fakewa a inuwar mota, kuma wanda ke zaune a sitiyari ba ya ganin ɗan shekara biyu da ke tsaye dab da bamba. Ka duba ko wani abu na ɗiga. Da safe, inji na sanyi, ka duba baƙin mai, ruwan lagireto da man birki. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai feso maka a fuska.

Taya na son a tsaya a kanta. A jikinta akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: idan ka ga 3221, an yi ta a mako na 32 na shekarar 2021. FRSC na ɗaukar taya ta gama aiki shekara 4 bayan ƙera ta, ko da zanenta na nan raɗau, domin roba na bushewa ta ciki. Tayar gwanjo da aka wanke aka shafa mata baƙi, galibi ta cinye wa'adinta tun kafin ta iso ƙasar nan. Yawan iskar da motarka ke so kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba. Shi za ka gaya wa mai faci, kada ka bari ya auna maka da bugun sifana. Iska ta yi yawa ko ta yi kaɗan, a zafin watan Afrilu a kan doguwar hanya, fashewa ce ƙarshenta.

2. Zama, madubi, bel

Ka ja kujera yadda za ka take kuloci har ƙasa gwiwarka ba ta miƙe sambal ba. Madubin tsakiya ya nuna maka gilashin baya gaba ɗaya, na gefe kuma su nuna titi da ɗan gefen motarka kaɗan. Sannan bel, kai da duk wanda ke ciki, har na baya. Bel na rage yiwuwar mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya suke zama. Uba ya ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, ko uwa ta rungume jariri a kujerar gaba, so ne, amma idan aka yi karo babu hannun da zai iya riƙe yaron, jakar iskar da ke fitowa daga gaba kuma da ƙarfin da aka auna wa babba take fitowa.

3. Aikin ƙafafu

Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai. Ƙafar dama ita ke yin birki da totur, diddige a ƙasa, tana juyawa tsakaninsu. A motar otomatik ka ajiye ƙafar hagu gefe ka manta da ita. Mai tuƙi da ƙafa biyu, ranar da ya firgita, duka biyun zai take.

Ga yadda ake tashi a motar manuwal. Giya a firi, hambirki a sama, ka take kuloci, ka murɗa makulli. Sa lamba ɗaya. Ɗan taɓa totur, sannan ka fara ɗago ƙafar hagu a hankali, kamar mai sauke tulu cike da ruwa daga ka. Akwai inda za ka kai, kukan inji ya ɗan sauka, gaban motar ya ɗan ɗago, ka ji tana ɗan rawa a ƙarƙashinka. Nan kuloci ya kama. Tsai da ƙafarka a nan, duba madubi, waiwaya, sauke hambirki, ka bar motar ta fara tafiya kafin ka ƙarasa ɗagowa. Wanda motarsa ke mutuwa ko take zabura, wannan wurin yake tsallakewa da sauri. Ka maimaita shi har ƙafarka ta san wurin ba tare da ka yi tunani ba, sannan ka koma kan tudu ka sake. Ranar da danja ta tsayar da kai a kan hawan gadar sama, wata mota ta manne maka a baya, wannan darasin ne zai hana ka silalowa ka buge ta.

Da ka gama sauya giya ka ɗauke ƙafa daga kuloci baki ɗaya. Ɗora ƙafa a kansa ana tafiya yana cinye shi, ka ji ƙauri, ka ga gareji.

4. Hannunka da abin da titi ke gaya maka

Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, daidai da maƙwabtanta irin su Nijar, Kamaru da Chadi. Ghana ma ta bi a 1974. Don haka dama ce hannunka. A tagwayen hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya, layin dama na tafiya ne, na hagu na wuce wani. Ɗan koyo yakan maƙale a layin hagu yana tafiyar hawainiya don yana ganin can ba mai tsayawa a gabansa, sai ya tilasta wa na baya su wuce shi ta dama, inda ya fi haɗari.

Zanen tsakiyar titi magana yake yi. Idan tsinke-tsinke ne, kana iya tsallaka shi idan hanya ta yi kyau. Idan miƙaƙƙe ne ba yankewa, ba a tsallakawa, kuma za ka lura a kwana, kan tudu da bakin gada ake zana shi, wuraren da ido ba ya kaiwa. Alluna kuma siffarsu ta isa ta fara ba ka labari tun daga nesa. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne: kwana, makaranta, dabbobi, hanyar jirgin ƙasa. Zagayayye mai jan baki hani ne, lambar da ke cikinsa kuma iyakar gudu ce. Zagayayye shuɗi umarni ne. Mai kusurwa huɗu bayani ne kawai, kamar sunan gari ko asibiti. Jan allo mai kusurwa takwas yana nufin ka tsaya cak, ko ba kowa. Mai kusurwa uku da aka kifa, tsininsa na kallon ƙasa, yana cewa ba wa na babbar hanya wuri.

Aron hannu don gudun zagaye mai nisa, ko don goslo ya dame ka, ba dabara ba ce. Mai tahowa a hannunsa bai sa ran ganin ka ba, mai tsallaka titi kuma ɗaya ɓangaren yake kallo.

5. Madubi, sigina, waiwaye

A jere suke, kuma kafin ka taɓa sitiyari ake yin su. Sigina sanarwa ce, ba izini ba. Wanda ya kunna ta bayan ya fara karya kwana bai sanar da kowa komai ba. Waiwayen kuwa dole ne, domin akwai wani yanki a gefen kafaɗarka da madubi ba ya nunawa, kuma daidai girman babur ne. A garuruwan da babura da adaidaita sahu ke ratsawa ta kowace kafa, ka ɗauka kullum akwai wani a wurin har sai idonka ya ce babu.

Wata al'ada da ta yaɗu ita ce kunna sigina biyu a mararraba, wai nufin mutum zai miƙe. Babu wannan a doka. Sigina biyu ta motar da ta lalace ce ko ta tsaya a wurin haɗari. Mai miƙewa ba ya kunna komai. Wanda ke gefe fitila ɗaya kawai yake gani, sai ya ɗauka za ka juya, ya shigo.

Hon na gargaɗi ne, ɗan taɓawa a kwanar da ba ka ganin gaba ko ga wanda bai lura da kai ba. Ba ya buɗe goslo.

6. Mararraba, danja da shataletale

Ja, tsaya a bayan layi. Kore, wuce idan hanya ta buɗe, bayan ka kalli hagu da dama, domin akwai mai ƙoƙarin tsere wa jan da ya kama shi. Ruwan ɗorawa na nufin tsaya, sai fa idan ka riga ka kai inda birki zai sa na baya ya buge ka. 'Yan koyo da yawa sun ɗauka kira ne na a ƙara totur. Idan jami'i na ba da hannu, ko ɗan sanda ne, ko na KAROTA a Kano, ko na KASTLEA a Kaduna, hannunsa ake bi ko danja ta nuna wani abu daban. Idan kuma ba wuta, ba jami'i, sai ka rage gudu sosai, wanda ke kan babbar hanya shi ke da hanya. Kada ka shiga tsakiyar mararraba idan ka ga babu wurin fita a gaba. Mota ɗaya da ta toshe tsakiya ita ke ƙulle hanyoyi huɗu.

A shataletale dama ake shiga, a zagaya da'irar tana hagunka. Wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, wato mai zuwa daga hagunka, shi za ka jira. Ka zaɓi layinka tun kafin ka iso: mai fita a hanyar farko ya riƙe dama, mai zagayawa ya shiga ciki. Kafin ka fita ka kunna siginar dama. Idan mafitarka ta wuce ka, sake zagayowa, ba a ribas a shataletale.

Mai tafiya a ƙasa da ya sa ƙafa a kan zanen tsallakawa, tsaya masa. Haka masu ɗauke da gawa zuwa maƙabarta, haka 'yan makaranta. Garken shanu kuma ka jira ya ƙare, ka kuma sa ran akwai maraƙin da aka bari a baya zai biyo da gudu. Motar asibiti ko ta kashe gobara ta taho da jiniya, ka raɓe dama ka ba ta hanya, kada ka bi bayanta kana cin arzikin hanyar da aka buɗe mata.

7. Gudu da tazara

Ga ƙaramar motar gida, ka'idar Najeriya ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Wannan iyaka ce, ba a ce sai ka kai ta ba. A lungu, bakin kasuwa ko ƙofar makaranta, 30 ma ta yi yawa wani lokaci.

Dalilin a lissafi yake. A kan 50 motarka na cin kusan mita 14 duk daƙiƙa, a kan 100 kusan mita 28. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta kai birki, daƙiƙa guda ta tafi, ka shafe wannan nisa birki bai fara aiki ba. Idan kuma ya fara, ninka gudu sau biyu na ninka nisan tsayawa sau huɗu. Shi ya sa mai kallon waya na daƙiƙa uku a kan 80 ya yi tafiyar fiye da mita 60 ido rufe. Ka ajiye wayar, ko ka faka ka amsa.

Tazara kuwa da lokaci ake auna ta. Ka zaɓi turken wuta ko bishiya a gaba. Da motar gabanka ta wuce shi ka fara ƙirga daƙiƙa. Idan ka iso kafin uku, ka matse ta. A ruwan sama ka ninka. Na san abin da za ka ce, wai da ka bar fili wani zai shige. Bar shi ya shige, ka sake ja baya. Mota ɗaya ce ta riga ka. A bayan adaidaita sahu da bas ɗin haya ka ƙara tazarar, domin idon direbansu na kan fasinjan bakin titi, ba ya kan madubi.

Akwai lokutan da gari kan rikice da sauri: gab da shan ruwa a watan azumi, lokacin tafiya masallacin Juma'a, da ayarin kai amarya inda samari ke wasa da mota. Mai azumin da ya sha ruwa a gefen hanya da dabino bai rasa komai ba.

8. Obatekin

A nan nake so ka fi natsuwa, domin karon gaba da gaba ba ya barin mutane, kuma sau da yawa daga nan yake tasowa.

Ka ɗauka kana kan hanya mai falle ɗaya, tirela na gabanka tana tafiya a kan 60. Ka gaji da hayaƙinta. Abu na farko da zuciya za ta ce maka shi ne ka matsa dab da ita ka leƙa. Kuskuren kenan. Da ka manne mata, jikinta ya rufe maka hanya, sai ka fito da rabin motarka kafin ka ga komai, direbanta kuma ba ya ganin ka, domin idan ba ka hango madubinsa ba shi ma bai hango ka ba. Ja baya. Daga nesa ne hanya ke buɗe maka.

Yanzu yi lissafi. Idan za ka wuce ta a kan 80, fifikon gudunka a kanta 20 ne kacal, ƙasa da mita 6 a daƙiƙa. Tsawon tirelar, da naka, da tazarar baya da ta gaba, sun kai mita 60. Wato za ka yi fiye da daƙiƙa 10 a hannun da ba naka ba, ka shafe kusan mita 240. Mai tahowa a kan 80 shi ma zai ci kamar haka. Kana bukatar kusan rabin kilomita na hanya fayau da idonka ya gani. Motar da ka hango ƙarama can nesa, ba ta da nisan da kake zato.

Idan ka tabbata, duba madubi ko wani ya riga ya fito daga bayanka, kunna siginar hagu, waiwaya, sauko da giya don motar ta sami ƙarfi, ka wuce ba tare da jinkiri ba. Kada ka koma hannunka sai ka ga fuskar tirelar gaba ɗaya a madubin tsakiya. Yanke gabanta da wuri neman mutuwa ne, domin mai nauyin tan 30 ba ya tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa.

Ba a obatekin a kwana, kan tudu, gada, mararraba, ko cikin ƙauyen da hanya ta ratsa, musamman ranar kasuwa. Kada ka bi bayan wanda ya fita obatekin ido rufe, shi zai sami wurin shigewa, kai ka tarar da abin da ya guje wa. Wasu direbobin manyan motoci kan yi maka alama da hannu ko sigina cewa ka wuce. Kirki ne, ka gode, amma idonka ne zai yanke hukunci. Idan kuma kai ake wucewa, ka riƙe hannunka, ka ɗan sassauta. Ƙara totur don kada a wuce ka ya sha jefa mutane cikin makoki. Duk sanda ka ji kokwanto a ranka, ka fasa.

9. Gangare, dare, hazo da ruwa

A dogon gangare irin na Hawan Kibo a jihar Filato, giya ake saukowa da ita, lamba uku ko biyu, inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ƙona shi, ya taka ya ji fayau. Sa mota a firi don tsimin mai ganganci ne, kashe inji kuma ya fi muni, domin birki da sitiyari duka suna samun ƙarfinsu ne daga inji.

Da dare ka sauke doguwar fitila da ka hango mai tahowa ko ka matso bayan wani. Idan shi ya ƙi saukewa, kada ka rama, makafi biyu kenan a hanya ɗaya. Ka kalli gefen titi na dama, ka rage gudu. Fitila ɗaya da ka hango kada ka yanke cewa babur ne, tana iya zama babbar mota mai ido ɗaya. Sabon direba dai ya haƙura da doguwar tafiyar dare. Barci idan ya zo, goro da shayi ba sa korar sa, ƙwaya kuwa ƙara lalata hankali take yi. Wuri mai aminci za ka samu ka kwanta.

A hazon hunturu da ruwan sama mai ƙarfi, gajeriyar fitila ake kunnawa, doguwa dawo maka take yi a ido. Ruwan farko na damina ya fi santsi, saboda ya haɗu da ƙura da man da suka taru a kwalta. Ruwan da ya rufe hanya kuma ba ka san ramin da ke ƙarƙashinsa ba, idan yana gudu kada ka shiga.

Taya ta fashe kana gudu, kada ka take birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗauke ƙafa daga totur a hankali, bar motar ta rage da kanta, sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan ka gangara gefe.

10. Fakin, lalacewa da haɗari

Ba a fakin a kwana, kan gada, bakin mararraba, ko ƙofar gidan mutane. Ja hambirki, bar ta a giya. Kafin ka buɗe ƙofa ka duba madubi, mai babur na iya tahowa.

Mota ta lalace, ka ture ta daga kan kwalta idan da hali, kunna sigina biyu, ka ajiye sikoshin aƙalla taku 50 a bayanta, fiye da haka idan kusa da kwana ne. Fasinjoji su fito su tsaya nesa da titi. Idan ka ƙara da ganye ko duwatsu, ka kwashe su kafin ka tafi, domin dutsen da aka bari a titi ya kayar da masu babur da yawa da dare.

Idan haɗari ya faru, tsaya. Lambar FRSC ta kyauta ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Wanda ya ji rauni a wuya ko baya kada a ja shi ko a naɗe shi a cusa a mota, sai in ana tsoron gobara. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Idan kai ka buge mutum kuma ka ga taro na neman far maka, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka kai kanka. Tankar mai kuma idan ta faɗi, ka juya ka yi nisa, ka hana wanda za ka iya hanawa matsawa. A garin Majiya na jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu a irin wannan wuta, mafi yawansu waɗanda suka taru ne bayan tankar ta faɗi.

Idan kuwa 'yar gogayya ce ba wanda ya ji ciwo, ku ɗauki hoton motocin yadda suke da lambobinsu, ku janye su gefe, sannan ku yi magana cikin mutunci. Ku karɓi lambar wayar juna da bayanin inshora, ku kai rahoto wurin 'yan sanda idan ɓarnar na da yawa, domin hotunan da rahoton su ne abin da kamfanin inshora zai fara tambayar ka.